Ciwon Lakar Tsohon Kare

A hutun bazarar da ta wuce, mu uku daga cikin 'yan babban aji muka sauka Karare, a ƙasar Batsari, gidan kawun ɗayanmu. Mutanen wannan yanki, tun daga Ruma da Wagini har Runka ta ƙasar Safana, manoma ne da makiyaya, kuma da yake Dajin Rugu na maƙwabtaka da su, tun kaka da kakanni akwai mafarauta a cikinsu. Farauta ta ja baya ƙwarai tun da ɓarayin shanu da 'yan fashi suka addabi dajin, amma kare bai rasa aiki ba, don wanda ya bar bin zomo da rana shi ke kwana gadin garke da dare.

Ran nan da hantsi muka ji yara sun ɗauki ihu a bayan gari, suna cewa, "Mahaukacin kare! Mahaukacin kare!" Muka fita da gudu. Muka tarad da wani tsohon baƙin kare, furfura ta cika masa baki, yana ƙoƙarin guje wa jifa, amma ƙafafunsa na baya sun ƙi bin na gaba. In ya yunƙura sai ƙugunsa ya tafi hagun, ya dawo dama, ƙafafun su sarƙe, ya zauna daɓas. Ana cikin haka sai ga mai shi, wani dattijo maharbi, ya zo yana ɗaga sanda. Ya ce, "Kai, yaran nan, ku bari! Wata biyar ke nan Duna yana haka. A ina kuka taɓa ganin mahaukacin kare ya yi wata biyar?"

Da yara suka watse muka gaishe shi, muka ce, "Baba, me ya same shi?" Ya ce, "Samari, ni ma abin ya ɗaure mini kai. Shekararsa goma a hannuna. Bai faɗi ba, ba a doke shi ba, ba ya kuka. Tun da kaka na fara jin akaifarsa tana kartar ƙasa in yana zagaya gida da dare. Na yi masa jiƙo, na yi masa lalas, ba abin da ya ragu." Muka duba kuwa, ga tabon wuta biyu a ƙugunsa. Da aka kira sunansa ya kaɗa wutsiya, da aka ajiye masa ruwa ya sha har ya ƙoshi.

Da muka komo makaranta muka bi diddigin al'amarin. Abin da muka samo shi muke so mu shimfiɗa a nan, domin yawancinmu ƙauyuka za a tura mu koyarwa, kuma malamin ƙauye shi ake fara tambaya in abu ya rikice. Tambayar da dattijon nan ya yi wa yara kuwa, ko da yake bai karanta littafin likita ba, ita ce kan maganar duka.

Mu fara da laka. Duk wanda ya taɓa cin naman wuya ko na gadon baya ya san farin abin nan mai taushi da ke cikin ramin ƙashin baya. Ƙashin bayan kare gaɓa-gaɓa ne: 7 a wuya, 13 a ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, 7 a ƙugu, 3 da suka haɗe wuri guda a kwankwaso, sa'an nan na wutsiya. Laka ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa ta tsakiyarsu. In an sa ta a madubin likita, sai a ga ashe tarin zaruruwa ce siraran gaske, ko wane da rufinsa na wani farin kitse, kamar yadda akan naɗe wayar lantarki da roba. Waɗansu zaruruwan suna kai umurnin ƙwaƙwalwa zuwa ga ƙafa, waɗansu kuwa suna kawo labarin ƙafa zuwa ga ƙwaƙwalwa.

Wannan labari na biyu ba mu cika lura da shi ba, don ba ya yankewa. Gwada ka gani. Rufe idonka, ka sa wani ya lanƙwasa maka babban yatsan ƙafa sama ko ƙasa. Za ka faɗi inda ya nufa ba tare da ka duba ba. To, wa ya gaya maka? Zaruruwan nan ne. Da su mutum ke tafiya cikin duhu bai taka bayan ƙafarsa ba, da su kare ke bin barewa cikin duwatsu idonsa na kan nama, ƙafafunsa na neman wa kansu wurin sauka.

Ciwon da muke magana a kansa lalacewar waɗannan zaruruwa ne da rufinsu, sannu sannu, ba da rauni ba, ba da ƙwayar cuta ba. Ɓarnar ta fi tsanani a lakar tsakiyar baya, kuma labarin ƙafafun baya shi ke fara ɓacewa a hanya. Watau ƙafar tana nan da ƙashinta da namanta, amma ƙwaƙwalwa ta daina sanin inda take. Shi ya sa alamar farko ita ce wadda dattijo ya ji da kunnensa, jan akaifa. In ka ɗaga ƙafar bayan irin wannan kare, za ka ga akaifun tsakiya sun side ta sama, wani lokaci har gashin bayan yatsun ya goge. Sau da yawa ƙafa ɗaya ke rigan 'yar'uwarta. Daga nan sai tangaɗi, sai sarƙewar ƙafafu wajen juyawa, sai tashi ya yi wuya, naman cinya ya soma zubewa.

Likitocin dabbobi suna da wani gwaji mai sauƙi. A tsai da kare, a tallafe cikinsa da hannu, a kife tafin ƙafarsa ta baya yadda bayan yatsun zai taɓa ƙasa. Lafiyayyen kare nan take zai mai da ita daidai. Mai ciwon laka sai ya daɗe, ko ya bar ta a kife, bai ma san an juya ta ba. Amma fa kada kowa ya yi wannan gwaji ga karen da bai san tarihinsa ba, ko wanda ciwonsa bai wuce 'yan kwanaki ba. Dalilin yana tafe.

Ciwon na tsofaffi ne, galibi daga shekara 8 zuwa sama. Ba shi da zafi. Hankalin kare na nan, cinsa da shansa na nan, ya san ubangidansa. Babban kare yakan kai ga kasa tsayawa da ƙafafun baya cikin wata 6 zuwa 12 daga ganin alamar farko. In ya ci gaba da rayuwa bayan wannan, sai riƙe fitsari da kashi ya gagare shi, daga bisani ciwon ya hau zuwa ƙafafun gaba, a ƙarshe ya taɓa haɗiya da numfashi.

Wani likitan dabbobi a Amurka, mai suna Averill, shi ya fara bayyana ciwon filla-filla a 1973, cikin tsofaffin karnukan Jamus, manyan nan masu tsayayyun kunnuwa da 'yan sanda ke aiki da su. Shekaru da yawa ana tsammanin ciwon wannan iri ne kaɗai, ana kuwa ta gardama a kan sanadinsa. Sai a 2009 masana na Jami'ar Misuri da abokan aikinsu suka gano cewa yana tafe da wani canji a ƙwayar gado guda, wadda ake kira SOD1. Abin mamaki, tun 1993 an riga an san canji a wannan ƙwaya yana jawo wa waɗansu mutane ciwon shanyewar jiki da ake kira ALS, irin ciwon da shahararren masanin taurarin nan na Ingila, Stephen Hawking, ya yi fama da shi har ya mutu a 2018. Saboda haka masu binciken ciwon mutum suka mai da hankali ga tsofaffin karnuka, ko a sami abin da zai amfani duka biyu. A 2014 kuma aka buga sakamakon gwajin karnuka fiye da 33,000 daga iri 222, aka tarar canjin yana cikin iri 124, har da karnuka masu gaurayen jini.

Ga yadda gadon yake. Ko wane kare yana da wannan ƙwaya biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wanda ya gaji lalatacciya ɗaya da lafiyayya ɗaya, da wuya ciwon ya kama shi, amma yana ɗauke da ita, yana kuma iya ba 'ya'yansa. Wanda ya gaji lalatattu biyu shi ke cikin hatsari, ko da yake ba dukansu ke kamuwa ba, waɗansu har su mutu da tsufa ba su nuna kome ba. In kare da karya duk masu ɗauke da guda guda ne, to, bisa lissafi kwikwiyo 1 cikin 4 zai gaji biyun. Wannan lissafi ya yi kyau a koya wa 'yan aji shi da ƙwarya biyu, ko wace da farar tsakuwa da baƙa. Yaro ya rufe ido ya ɗauko ɗaya daga kowace, a yi ta yi har sau 40, a ƙidaya sau nawa baƙaƙe biyu suka haɗu. A ƙasashen da ake kiwon karnuka don sayarwa akan goga auduga a cikin kuncin kare a aika ɗakin gwaji kafin a yi barbara. Amma gwajin hatsari kaɗai yake nunawa. Tabbacin ciwon ba ya samuwa sai an duba lakar da madubi bayan kare ya mutu. Mai rai kuwa likita kan gane shi ne ta alamu, da kuma kawar da sauran cututtukan da suka yi kama da shi.

Wani zai ce, to, ina ruwan Karare da ciwon karnukan Turawa? Da ruwanta. Karnukan Jamus sun cika gidajen masu hali a Katsina da Kano da Kaduna, ana gadi da su, kuma kare ba ya tambayar asalin karya. 'Ya'yansu na gauraye suna isa ƙauye ta hannun dangi da 'yan kasuwa, mai garke kuwa yana son babban kare mai murya. Abin da ya sa ba a cika ganin ciwon a ƙauye ba, a ganinmu, shi ne karen ƙauye bai cika kai shekara 8 ba. Yunwa, ko maciji, ko mota, ko wata cuta takan riga tsufa. Sai karen da aka riƙe da kyau, irin na dattijon nan, shi ke daɗewa har lakarsa ta gaji.

Yanzu mu komo ga ihun yara. Ba za mu ga laifinsu duka ba, don haukan kare gaskiya ne, kuma yana shanye ƙafafu. Ƙwayar cuta ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga ta cizo, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum wajen 59,000 ko wace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, yara kuwa suna da yawa a cikinsu. In alamunta suka bayyana ga mutum, sai dai a yi haƙuri.

Kowa ya san mahaukacin kare mai faɗa, wanda ke yawo ba ya gajiya, yana cizon itace da dutse da duk abin da ya gitta. Wanda ba a sani ba shi ne mai shiru, kuma mu a wurinmu shi ya fi ban tsoro. Wannan ba ya bin kowa. Sai ya laɓe a lungu, muryarsa ta sake, haɓarsa ta saki, yawu na zuba, ba ya iya haɗiya, ƙafafun baya su mutu. Mai shi ya gan shi ya ji tausayi, ya ce ƙashi ne ya maƙale masa a maƙogwaro, ya sa hannu cikin bakinsa zai ciro. In akwai ƙujewa ko tsaga a hannun nan, an gama. Ashe kuskuren iri biyu ne. Ana jifan mai ciwon laka a kan hauka, ana kuma jinyar mahaukaci a kan gurgunta. Na farko asarar kare ce, na biyu asarar rai.

Abin da ya raba su, na farko, lokaci ne. Karen da hauka ta bayyana gare shi ba ya wuce kwana 10, yawanci ma ba ya kai wa. Ciwon laka kuwa da watanni ake ƙidaya shi. Dattijo ya yi gaskiya, ba mahaukacin karen da ke yin wata biyar. Bayan lokaci sai hali: mahaukaci yakan sake ɗabi'a, mai fara'a ya zama mai fushi, mai tsoro ya daina tsoro, shi kuwa mai ciwon laka halinsa na jiya shi ne na yau. Sa'an nan a dubi baki. Wanda ke cin tuwonsa yana lasar ruwa yana haɗiyewa, bakinsa a rufe, ƙafafunsa kaɗai suka gaza tun watanni, wannan ba hauka ke damunsa ba. Shekaru ma suna taimako, don hauka ba ta zaɓen yaro ko tsoho, ciwon laka kuwa ba ya kama kwikwiyo.

Saboda haka in kare ya kwana lafiya, cikin kwana biyu ko uku ƙafafunsa suka saki, a ɗauke shi mahaukaci ne har sai an tabbata ba shi ba ne. A rufe shi inda yaro ko akuya ba za su kai gare shi ba, a tura masa ruwa da abinci daga nesa, a sanar da mai unguwa da ma'aikacin dabbobi. In ya ciji wani, ko ya lashi miki, a wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ba a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa ba, sa'an nan a tafi asibiti ran nan a fara allura. Kada a jira a ga abin da zai sami karen tukuna. Allurar nan Louis Pasteur na Faransa ya fara yi wa wani yaro ita a 1885, yaron kuwa ya rayu. In karen ya mutu ko an kashe shi, kada a fasa kansa, don ƙwaƙwalwar ake dubawa. Ma'aikatan dabbobi sun san yadda ake aika ta ɗakin bincike na Vom, kusa da Jos, wanda aka kafa tun 1924, inda kuma ake yin allurar rigakafin karnuka. Ana yi wa kwikwiyo ita yana da wata 3, a riƙa sabuntawa shekara shekara. Masana sun ce in aka yi wa kare 7 cikin ko wane 10 na gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Gurgun kare ma ya fi kowa bukatarta, da yake ba shi iya gudu in mahaukaci ya shigo gari.

Akwai waɗansu abubuwa da ke kashe ƙafafun baya, ba za mu daɗe a kansu ba. Karayar baya, ta sanda ko babur ko kaurin saniya, farat ɗaya take zuwa, da kuka. Ciwon gaɓar ƙugu da gocewar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna da zafi, kare kan yi ƙara in an taɓa, kuma waɗannan ana iya rage su da magani, shi ya sa ya kamata likita ya gani kafin a yanke ƙauna. Akwai kuma wata cutar ƙananan karnuka mai zuwa da zazzaɓi da kwantsa da majina da tari, daga baya ta kawo karkarwa. Wanda ke da hali, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ake ɗaukar hoton ƙashi.

To, in an gane ciwon laka ne, me za a yi? Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba, gara a faɗi wannan a fili, kada talaka ya sayar da akuyarsa a kan allurai. Lalas da tsaga da ƙaho ba su kai ga laka, tana can cikin ƙashi. Abin da suke ƙarawa miki ne a jikin dabbar da ba ta iya korar ƙuda. Abin da aka ga yana taimako shi ne motsa jiki. A Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan an bi waɗansu karnuka masu wannan ciwo, aka buga sakamakon a 2006: waɗanda ake motsa su sosai kullum sun rayu kwana 255 a matsakaici, waɗanda ake yi wa kaɗan kwana 130, waɗanda ba a yi wa kome ba kwana 55. Karnukan ba su da yawa, kada a ɗauki lissafin tamkar alkawari, amma ya nuna hanya.

Duk abin da ake bukata akwai shi a Karare. A sami tsohon zane a zura ƙarƙashin cikinsa, a riƙe bakin biyu ta sama, a tallafe ƙugun yana tafiya da kansa, kaɗan kaɗan, da sanyin safe da na yamma. Yashin rafi ya fi tsakuwa, don ba ya cin yatsu. In bayan yatsun ya fara gogewa a naɗe da tsumma mai tsabta, a kwance da dare. A riƙa lanƙwasa ƙafafun ana miƙewa, ana murza cinyoyin. Kada a bari ya yi ƙiba, kada kuma a bar shi da yunwa. In ya kai ga kwanciya, a shimfiɗa masa yashi mai laushi ko buhu a inuwa, a riƙa juya shi, a wanke shi in ya ɓata jikinsa, a duba tsutsa a duk inda fata ta jiƙe, musamman da damina. Ciwon ba ya yaɗuwa, ba ya kama mutum, ba ya kama sauran karnuka ko tumaki. Iyakarsa dai kada a nemi 'ya'ya daga karen da ya nuna shi, kuma a lura da 'yan'uwansa.

Mun san akwai masu ƙyamar taɓa kare. Mun tambayi malaminmu na Arabiyya, ya ce a mazhabar Maliku, wadda muke bi a ƙasar nan, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an yarda a riƙe shi don farauta da kiwo da tsaron gona. Ya tuna mana hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ya ce kuma a cikin malaman Malikiyya akwai waɗanda suka yarda a hutar da dabbar da aka fid da rai da ita, in wahalarta ta yi yawa. In ranar nan ta zo, watau kare ba ya tashi, miki ya ci jikinsa, numfashi na gagararsa, aikin ma'aikacin dabbobi ne da allura, ba na yara da duwatsu ba.

Ɗayanmu ya koma Karare da hutun kaka, ya kai wa dattijo wannan bayani. Ya tarar Duna ya daina tsayawa da ƙafafun baya, amma yana cin abincinsa, yana kuma yin haushi in baƙo ya doso garke. Dattijo ya saurara har ƙarshe, ya ce lalas kam ya bari tun tuni, zanen ne bai taɓa tunawa da shi ba. Washegari da asuba aka ga jikansa, ɗaya daga cikin masu jifan nan, riƙe da bakin wani tsohon zane, yana bin karen a hankali zuwa yashin rafi.